Igiyar Ƙarfe a Jikin Dutse: Ina Matsayin Riruwai da Tiga?

A gaɓar Bahar Rum, a wurare irin su Capo Caccia na tsibirin Sardiniya da garin Omiš na Kuroshiya, akwai wata sana'ar yawon buɗe ido da ta samu karɓuwa a shekarun nan. Mutum ya je hutu bakin teku, bai taɓa hawa abin da ya wuce benen gidansu ba, sai ya biya kuɗi a ɗaura masa ɗamara a ƙugu da cinyoyi, a kifa masa hular kwano, ɗan jagora ya shige gaba, su bi jikin dutse mai tsaye, ruwa na can ƙasa. Abin da ke riƙe da shi igiyar ƙarfe ce da aka kafe a jikin dutsen tun daga gindi har ƙoli, da matakalan rodi a inda ƙafa ba ta da wurin takawa. Italiyawa na kiran tsarin via ferrata, mu kuma bari mu kira shi hanyar ƙarfe. Kano ba ta da teku, amma kudancinta na da dutse da ruwa, don haka ya dace a auna ko wannan sana'a za ta iya tsayuwa a ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Bebeji da Kiru, da kuma abin da ya kamata ya riga ta zuwa.

Asalin abin ba wasa ba ne. Tun a 1843 aka kafa ƙarafa da igiyoyi a tsaunin Dachstein na Ostiriya don sauƙaƙa hawa, amma Yaƙin Duniya na Farko ne ya baza shi. Tsakanin 1915 da 1917 sojojin Italiya da na daular Ostiriya da Hangare sun fafata a tsaunukan Dolomite, kowane ɓangare na kafa tsani da igiya don kai mutane da makamai bisa ƙololuwa. Bayan yaƙi ƙungiyoyin masu hawan dutse suka gaji waɗannan hanyoyi, suka sabunta su. Faransa ce ta mayar da abin kasuwa a fili: daga 1988, lokacin da aka buɗe ta Freissinières, ƙananan hukumomin garuruwan tsauni suka shiga gina nasu don su samu baƙi a lokacin zafi, sa'ad da babu ƙanƙarar da ke kawo masu wasan zamiya. A Afirka ma akwai ta a Dutsen Kenya, a kan hanyar ƙololuwar Lenana mai tsayin mita 4,985.

Kafin a zo gida, sai an fahimci yadda kayan ke aiki, domin nan ne mai kallo daga nesa ke ruɗuwa. Daga ɗamarar mai hawa wata gajeruwar igiya ce ke fitowa mai rassa biyu, kowane reshe da ƙugiyarsa mai kulle kanta. Igiyar ƙarfen da ke jikin dutse kuma an rarraba ta da ƙusoshi, a wuri mai tsaye kimanin mita 3 tsakanin wannan da wancan. In mutum ya iso ƙusa, sai ya cire ƙugiya ɗaya ya maƙala ta a gaba, sannan ya cire ta biyu. Ba a cire biyun a lokaci guda. Wannan ce doka ta farko, kuma ita ce gajiya da tsoro ke sa baƙo ya manta, shi ya sa idon ɗan jagora ba ya barin hannun wanda yake ja.

To amma in ƙafa ta zame fa? Ƙugiyar ba ta tsayar da mutum a inda ya zame. Sulalewa take yi a kan igiyar har sai ta daki ƙusar da ke ƙasa, sannan ta tsaya cak. Mai hawa da doguwar igiyar nailan, in ya faɗo, tsawon igiyar ne ke miƙewa ya shanye ƙarfin faɗuwar. Nan kuwa abin da ke tsakanin mutum da ƙarfe bai fi mita ɗaya ba, ga shi ya faɗo mita 3 ko fiye. Irin wannan fizga tana iya karya ƙashin baya, tana iya tsinka kayan. Maganin da aka samo shi ne wata 'yar jaka a gindin rassan biyu, cikinta ɗamara ce a nannaɗe, an ɗinke ta da zare ta yadda in nauyi ya fizge ta ɗinkin zai riƙa farkewa a jere, kowace farkewa na rage ƙarfin bugun. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 958 ta iyakance fizgar da za ta kai ga jikin mutum a kilonyuton 6, wato kamar nauyin kilo 600. Jakar da ta farke sau ɗaya ta gama aiki, ba a kai ta wurin baduku. A watan Agusta na 2012 wani matashi ya rasu a yankin Tirol na Ostiriya bayan rassan igiyarsa biyu sun tsinke, binciken da ya biyo baya ya sa kamfanoni da dama suka janye kayansu daga kasuwa, aka kuma sabunta ƙa'idar a 2017 ta shafi masu nauyin kilo 40 zuwa 120. Wanda bai kai kilo 40 ba, nauyinsa ba lallai ya farke ɗinkin yadda ake so ba, sai ɗan jagora ya ƙara masa igiya daga sama. A riƙe wannan, domin a ƙasarmu yaran makaranta ne suka fi kowa zuwa irin wannan ziyara.

Abin da wannan bayani ke nunawa shi ne hanyar ƙarfe ba ta kawar da haɗari, sai dai ta ɗauke shi daga wuyan mai hawa ta ɗora a wuyan wanda ya kafa ƙarfen da wanda ke duba shi. Ƙwararren mai hawa da idonsa da yatsunsa yake auna dutse. Baƙo ba ya auna komai, ya miƙa ransa ga ƙusar da bai san wanda ya kafa ta ba, bai san yaushe aka duba ta ba.

Ta fuskar dutse, kudancin Kano ba ta da abin kunya. In ka bar titin Zariya a Kwanar Dangora ka nufi Tudun Wada, ƙasa na ta tashi, itatuwa na ƙara kauri, har ka ratsa dajin Falgore ka shiga Doguwa. Tsaunukan Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar, su ne mafi tsayi a jihar, sun haura mita 1,000 daga doron teku. Masana ilimin ƙasa sun sa su cikin jerin duwatsun nan masu zobe da suka taso daga tsaunin Jos zuwa arewa, shekarunsu wajen miliyan 170, kuma cikinsu ne aka daɗe ana haƙar kuza. Irin wannan dutse mai tauri ƙusa na kama shi da kyau. Akwai ma inda muka fi masu bakin teku sa'a. Iskar gishiri na cin baƙin ƙarfe, har wanda ake cewa ba ya tsatsa tana tsattsaga shi daga ciki ba a gani, abin da ya sa masu hawa a gaɓar Tailan suka koma ƙusoshin titaniyam masu tsada. Riruwai ba ta san wannan cuta ba. Ruwan da zai maye gurbin teku a idon baƙo kuwa, ga madatsar Tiga a Bebeji da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, ga magangarar ruwa ta Zainabi a can Doguwa.

Yanayi ne ke fara rage murna. A bazara, Maris zuwa Mayu, rodin da rana ta daka tun hantsi ba ya taɓuwa da hannu, shi kansa falalen dutsen zafi yake fitarwa. Da damina, wadda ta fi ƙarfi a nan kudu fiye da cikin birni, igiyar ƙarfe da ta miƙe daga ƙoli zuwa gindi hanyar aradu ce, kuma ko a Turai doka ce a sauka da zarar hadari ya haɗo. Saura kaka da hunturu, Oktoba zuwa Fabrairu, su ma hazo na cinye rabin abin da aka hau don a gani. Sai ƙudan zuma. Suna son tsagar dutse, kuma zuman Afirka ba ya ɗaukar wargi. Wanda ke ƙasa zai iya arcewa, wanda ke maƙale da igiya a tsakiyar dutse ba shi da inda za shi. Kafin a huda dutse ko sau ɗaya, masu ɗiban zuma na yankin ne ya kamata a fara tambaya. Ga kuma ɗabi'ar irin wannan dutse ta yin ɓawo saboda zafin rana da sanyin dare, ƙusar da aka kafa a ɓawon da ya rabu da uwarsa tare za su taho.

Duk waɗannan injiniya zai iya lissafa su. Wanda ba ya lissafuwa a takarda shi ne kula. Tarihin yawon buɗe ido a wannan yanki kansa shaida ne: otal ɗin Bagauda da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980 yanzu reshen Makarantar Horon Lauyoyi ne, otal ɗin Rock Castle na Tiga ya shafe shekaru yana jiran gyara, Falgore da aka keɓe don namun daji ta koma maɓoyar ɓarayin shanu har sojoji suka mayar da ita filin atisaye a 2017. Mun iya buɗe abu da kiɗa da yankan ƙyalle, kamar rijiyar burtsatsen da ake ƙaddamarwa a yau, bayan damina biyu famfon ya lalace ba mai kuɗin gyara. Amma rijiyar da ta lalace ana ganin ta lalace, a koma rafi. Igiyar da ƙusarta ta saki tana nan shar a ido, tana kiran yaro ya hau. Dutsen da aka kafa wa ƙarfe aka yi watsi da shi ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari nesa ba kusa ba. Kada kuma a manta da 'yan jari-bola. A ƙasar da ake kwance murafun magudanar ruwa da ƙarafan layin dogo a kai kasuwar gwangwan, ɗaruruwan mitoci na igiyar ƙarfe a bayan gari ba mai gadi, ai kiran kasuwa ne. Ba sai an kwashe duka ba, matsewa ɗaya aka kwance ta isa.

Sai batun ceto. Mutumin da ya faɗi ya rataye a ɗamara ba ya motsi, jini na taruwa a ƙafafunsa, ba a so ya daɗe a haka. A tsaunukan Turai jirgi mai saukar ungulu ne ke zuwa. A Riruwai ɗan jagora ne kaɗai zai sauko da shi da igiya, sannan a kama tafiyar sa'o'i zuwa asibitin ƙashi na Dala in karaya ce mai tsanani. Kifewar kwalekwale a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, inda mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ta isa ta tuna mana yadda ƙa'idar lodi da rigar kariya ke zama abin wasa har sai an yi jana'iza.

Wani zai ce to ai Bahaushe ba ya hawa dutse don nishaɗi, su wa za su biya? Wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai. Tarihin Kano daga bisa Dala ya fara, inda Barbushe ke zaune, kuma har gobe matasa na bin matakalarta su leƙa birni. Mutanen Kwatarkwashi an san su da al'adar hawa dutsensu don kamo maiki. Alhazanmu, tsofaffi da mata, sukan hau Dutsen Nur zuwa Kogon Hira ba wanda ya wajabta musu. Ga ɗaliban jami'o'i da masu yi wa ƙasa hidima, ga ƙungiyoyin tattakin tsauni da suka yawaita a Abuja da Jos. Masu so suna nan, sai dai aljihunsu ba na Bature ba ne, kayan kuwa da kuɗin waje ake sayo su, kuma suna da wa'adin da ake jefar da su ko ba su nuna tsufa ba. Akwai kuma batun sutura da ba a cika kawowa ba: ɗamarar tsakanin cinyoyi take bi, ba ta zama a kan zane ko doguwar riga, kuma mace ba za ta yarda namiji ya ɗaura mata ba. In babu 'yan jagora mata, an rufe ƙofa ga rabin masu zuwa.

Misalin da ya fi kama da Riruwai yana Ingila, a mahaƙar Honister, inda a 2007 aka bi tsohuwar hanyar da masu haƙa ke takawa zuwa bakin aiki aka mayar da ita hanyar ƙarfe ta farko a ƙasar. Abin da baƙo ke saye a can ba tsoro kaɗai ba ne, har da labarin mahaƙar daga bakin 'yan garin. Riruwai na da irin wannan jari. Haƙar zamani ta ja baya tun bayan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985, amma 'yan kuza suna nan, sun san kowace ganga da kowane tsohon rami, maharba da Fulani makiyaya sun san inda ruwa ke kwana a rani. Abin da ba su da shi horo ne na igiya da taimakon gaggawa, wannan kuwa ba sai an je Turai ba: Cibiyar Horon Ɗa'a da Shugabanci da ke tsaunukan Shere a Jos ta daɗe tana koyar da hawa da sauka da igiya, kuma titin da ya ratsa Falgore can ya nufa.

A ganina jerin aikin a fili yake. Hanyar ƙafa da aka share aka sa mata alama ba ta tsatsa, ba a sayar da ita a kilo, kuma da ita za a gane ko baƙi na zuwa, ko hanya ta yi lafiya, ko ƙaramar hukuma da dagatai za su iya riƙe littafin shiga da fita na shekara uku a jere. In wannan ya tabbata, sai a gwada gajeruwar hanyar ƙarfe ɗaya, mai sauƙi, kusa da gari, wadda ake kulle mashigarta, da sunan mutum guda da zai sa hannu a takardar dubawa bayan kowace damina. Ga hukumar yawon buɗe ido ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu: duk ɗan kwangilar da ya kawo muku hoton igiya a jikin dutse, ku fara tambayarsa wa zai duba ta a shekara ta biyar, kuma daga wane asusu za a biya shi. In bai da amsa, kada ku bari ya huda dutsen.