Arzikin Yuraniyom da Bashin da Ya Biyo Bayansa

Ran nan a ajinmu na manya a nan Zabori muna koyon lissafin bashi. Na ce, wanda ya ranci jika goma da bazara, ya yi alkawarin biyan jika goma sha biyu da kaka, nawa ne ruwan da ya hau kansa? Sai wani dattijo ya ajiye allinsa ya ce, "Malam, ita ma gwamnati tana cin bashi kamar mu? To, in ta kāsa biya, gonar wa ake karɓewa?" Aka yi dariya. Ni kuwa na koma gida da tambayar a raina. Amsarta tana cikin tarihin ƙasarmu Nijar, shi ne nake so mu bi tare, 'yan'uwa masu karatu.

Mu koma shekarar 1971. A wannan shekara ce kamfanin SOMAIR ya fara haƙo ƙarfen yuraniyom a Arlit, can arewa da Agadas. Da wannan ƙarfe ake samar da wutar lantarki a Faransa da wasu ƙasashe. Kafin nan gyaɗa da dabbobi ne Nijar ke sayarwa waje, sai babban fari ya zo ya karya su duka biyu. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka tumɓuke Jori Hamani, Seini Kunce ya hau mulki. Ya hau daidai lokacin da man fetur ya yi tsada a duniya, Turawa suna neman wata hanyar samun wuta, farashin yuraniyom ya yi ta hawa. A 1978 aka buɗe mahaƙa ta biyu, ta COMINAK. Kafin 1980 yuraniyom ya zarce kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke sayarwa waje.

Gaskiya ɗaya ce, an yi abin kirki da kuɗin nan. An soke lanho, wato harajin kai, wanda ya daɗe yana hana talaka barci. An cika rumbunan OPVN da hatsi. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, an gina makarantu da ɗakunan magani. Iyayenmu sun ce a zamanin nan yaro in ya gama karatu, aikin gwamnati yana jiransa.

Kuskuren da aka yi shi ne, kuɗin da ke shigowa bai ishe mu ba. Aka je bankunan waje aka ciwo bashi mai ruwa da yawa, ana cewa yuraniyom zai biya. Aka tsai da manyan gine-gine a Yamai, irin su babban zauren taro da otel ɗin Gaweye. Kamfanonin gwamnati suka yi ta ɗaukar ma'aikata, ko sun ci riba ko sun faɗi. Misalinsa kamar manomin da gonarsa ta yi kyau shekara biyar a jere, ya cinye hatsin, sa'an nan ya je ya ci bashi a kan amfanin shekara ta shida, alhali bai san yadda daminar za ta zo ba.

Daminar kuwa ba ta zo da kyau ba. A watan Maris 1979 aka yi haɗari a wata tashar wutar nukiliya a Amurka. Ƙasashe suka ja da baya, farashin yuraniyom ya faɗi. Kuɗin shiga ya ragu, amma bashi yana nan, ruwansa yana ƙaruwa. A 1983 Nijar ta nemi taimakon Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI, ta kuma je birnin Faris ta roƙi masu binta bashi su ɗaga mata lokacin biya. A 1984 fari ya dawo. A watan Afrilu na shekarar, gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Mu da muke cin kasuwar Kamba mun san ma'anar wannan. Har yau tsofaffi suna kiran yunwar shekarar da sunan El-Buhari.

Hausawa sun ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. FMI da Bankin Duniya sun ba da sabon rance, amma da sharuɗɗa: a rage kashe kuɗi, a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin da ke faɗuwa. Aka rushe UNCC, wadda ke ba manoma bashin kayan noma. SONARA mai sayen gyaɗa ta durƙushe. A 1990 aka rufe bankin BDRN, saboda manyan mutane da yawa sun ci bashinsa ba su biya ba. Ɗalibai suka ga ƙofar aiki tana rufewa a gabansu. Ran 9 ga Fabrairu 1990 suka fito zanga-zanga a Yamai, aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy.

Wuya ba ta tsaya nan ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake saye da sefa 50 ta koma 100. Magani da taki da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsada. Ma'aikata suka riƙa yin wata da watanni ba albashi, yajin aiki ya yi yawa, shekarun karatu suka tashi a banza. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantaragi da ƙaramin albashi. Ku duba da kyau: yaran da ba a haife su ba ranar da aka ci bashin, su ne suka biya shi da karatunsu da aikin da ba su samu ba.

Sai a 2004 aka yafe wa Nijar babban kaso na bashinta, a cikin shirin rangwame ga ƙasashe matalauta. Da kuɗin da aka huta biya ne Shugaba Tanja Mamadu ya gina azuzuwa da ɗakunan magani da rijiyoyi a karkara. Wannan ya nuna mana yawan abin da bashi ya riƙa cinyewa shekara ashirin.

To, yanzu ga wani arzikin ya fito. An rufe COMINAK a 2021, amma tun 2011 ake haƙo man fetur a Agadem. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 wanda ya bi ta ƙasar Gaya zuwa bakin teku a Benin. A watan Afrilu 2024, bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 2023, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin Sin na CNPC, a kan za a biya da man da za a sayar. Babu mai musun cewa an shiga matsi a lokacin. Amma wanda ya san labarin yuraniyom dole gabansa ya faɗi, domin farashin mai ma ba a hannunmu yake ba.

Ba na cewa kada gwamnati ta ci bashi sam. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da nake cewa uku ne. A ci bashi don abin da zai haifi kuɗin biyansa, kamar madatsar ruwa da hanyar kai amfanin gona kasuwa. A shekarar yalwa a zuba wani abu a rumbu. Sa'an nan a faɗa wa jama'a nawa aka ranto, daga wa, ruwansa nawa, cikin harshen da suke ji.

Ku kuma samarinmu masu takardar shaida, waɗanda ke kabu-kabu a Gaya ko cin rani a Malanbil da Kwatano, ba abin kunya kuke yi ba. Amma kada wanda ya zauna jiran aikin gwamnati. Baitulmali ba zai iya ɗaukar kowa ba, ko a zamanin Kunce da bashi aka cika. Ga fadamun Dallol Mauri, rake da rogo da dankali suna yi, ga kasuwannin ƙasa uku kusa da mu.

Da muka koma aji na ba dattijon nan amsa. Na ce, "Baba, in gwamnati ta kāsa biya, ba a zuwa a auna gonar kowa. A kuɗin maganinka ake cirewa, da albashin malamin jikanka, da aikin da ɗanka ya nema bai samu ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ɗauki allinsa ya ce mu sake lissafin ruwan nan daga farko.