Kwalaben da Masai Bai Haɗiye Ba

A Amurka akwai mutanen da abin shaƙatawarsu shi ne tonon tsofaffin masai. Sukan nemo tsohuwar taswirar gari, su gano bayan wani gida da ya haura shekara 100, su yi ta caka dogon ƙarfe a ƙasa har su ji inda ta yi laushi. Kwalabe suke nema, domin a wancan zamani masai ne jujin mutanen can. Da muka fara jin labarin, dariya muka yi. Wa zai tone masai a Gumel, wurin da ko shigarsa sai da addu'a da ƙafar hagu? Da dariyar ta lafa, sai tambaya ta rage: to, namu tsofaffin kwalaben ina suka shige?

Kwalba tana faɗin shekarunta ga wanda ya iya dubawa. A gefenta akwai siririn layi, inda ɓari biyu na mazubin da aka ƙera ta suka haɗu. In layin ya tsaya a wuya, galibi da hannu aka gama bakinta. In ya zarce har leɓe, aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya ƙirƙiro a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, Gumel ma ta shiga hannunsu.

Kafin nan ba mu da wata buƙatar kwalba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Gumel a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa, a zamanin da mai yake cikin tandu, ruwa cikin gora da tulu. Tandu fata ne, gora ɗan duma ne, gara ta daɗe da gamawa da su. Abin da ƙarnin ya bar mana a ƙasa tsingaro ne da kuɗin wuri. Kwalba ta yawaita ne bayan layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa ta tafi, kayan kanti suka zo: kananzir, magani, da turare irin su Bint el Sudan, wanda aka fara haɗawa a 1920.

Sai dai masai bai samu rabonsa ba, domin a wurin iyayenmu kwalba dukiya ce. Ta turare in ta ƙare, ta koma ta man kitso. Ta lemo ta zama ma'aunin man gyaɗa, har yau kuwa da kwalba ake cinikinsa ran Alhamis a Maigatari. In ta fashe, a kafa ɓaraguzan a kan katanga saboda ɓarawo. Ɗan abin da ya kai juji ma ba ya zama, don kafin damina jakuna sun kwashe jujin cikin mangala sun kai gona a matsayin taki. Shi ya sa manomi a Sule Tankarkar zai ji fartanyarsa ta daki gindin koriyar kwalba nesa da kowane gida, ya tsine mata, ya wurga ta kan iyaka.

Inda tarihinmu ya kwanta bai motsa ba shi ne kufai. Masarautar kanta ta bar irinsa a Tumbi, tsohuwar hedikwatarta, wadda yanzu take cikin Nijar. A nan ne ba mu goyon bayan masu tonon Amurka, kuma masana tarihin ƙasarsu ma sun daɗe suna kuka da su. Kwalbar da aka zare daga ƙasa aka jera a kanta ta rasa rabin maganarta: a wane zurfi take, me ke ƙarƙashinta, anini mai huji ne kusa da ita ko wuri? Tun 1979 doka ta ce ba a tonon kayan tarihi a Najeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Amma masu haƙar ƙasar gini ba tarihi suka zo nema ba, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su duba. Kwalba ta fito cikin shebur, yaro ya ɗauka, ya ɗauraye, ya kai wa mai sayen kwalabe.