Allurar Tsargiya da Ciwon Hanta a Masar

Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, ma'aikatan lafiya a Masar sun riƙa bin ƙauyukan gaɓar Kogin Nilu suna yi wa manoma da 'yan makaranta allurar maganin tsargiya a jijiya. Jama'a kan yi dogon layi, ma'aikaci na riƙe da sirinjin gilashi, ya tsira wa wannan ya tsira wa wancan, ba a tsaya an tafasa shi sosai ba. Garin neman gira aka rasa ido, domin ta nan ƙwayar ciwon hanta nau'in C ta bazu, har wani bincike na 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da ita.

Wani zai ce ai ba a gano ƙwayar ba sai 1989. Haka ne, amma wannan uzuri ya ƙare daga ranar da aka sani. Cutar kan yi shekara da shekaru tana cin hanta ba tare da wata alama ba, don haka haƙƙin wanda aka yi wa allurar ne a neme shi a gaya masa. Masu fargabar kada sanarwa ta kori mutane daga asibiti kuwa, Masar ta ba su amsa: da aka buɗe gwaji da magani kyauta a 2018, kusan mutum miliyan 50 suka fito cikin 'yan watanni.