Daga Allo Zuwa Littafin Rubutu: Yadda Takarda Ta Rasa Daraja

Jama'a, ranar nan ina komawa shago bayan Azahar na ga 'yan firamare suna yage littafin rubutu, suna yin jirgin sama da shi. Na tsaya na tuna zamanin da malaminmu kan tsinci guntuwar takarda a ƙasa, ya kaɗe ta, ya cusa a gafaka.

Kakanninmu da nisa suke samun takarda. Daga Italiya ake yo ta, ta sauka Tarabulus, fatake su ɗoro ta a raƙuma ta Ghadamis har Kano. Ana gane ta da alamar jinjirin wata uku idan an ɗaga ta a haske. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851, ana naɗe tufafin da za a kai fatauci da ita. Almajiri kuwa sai ya yi nisa kafin a ba shi takarda. Allo ne littafinsa: ya rubuta da tawadar gawayi da ƙaro, ya haddace, ya wanke, ya sake. Allo guda kan yi shekaru, ƙane ya gada daga wa.

Da boko ya yaɗu, Najeriya ta kafa kamfanin takarda a Jebba, ya fara aiki a 1969, daga baya ya durƙushe. Yau galibin farar takardarmu da dala ake shigo da ita, mu 'yan kasuwa mun san yadda farashin littafi ke tashi kowane zango. Kuma asalinta itace ce, sai an sare bishiya. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, daji ke ja baya a Abuja, shara na ƙaruwa, motoci na kai ta Gosa. Wadda ba a kwashe ba ta haɗu da leda ta toshe kwata, damina ta zo mu kwana kwasar ruwa.

To, gyaran daga gida da Islamiyya zai fara. Yaro ya cike shafi gaba da baya. Ragowar shafukan bara a ɗinke su ya yi lissafi. Tsofaffin littattafai a tara wa masu saye, amma mai ɗauke da aya ko sunan Allah a ware shi, kada ya je wurin mai ƙosai. Kowane aji ya dasa darbejiya ɗaya, su riƙa ba ta ruwa bi da bi.

Addini ya hana almubazzaranci ko da a ruwan alwala ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.