Kiɗan Ruwa, Amo da Amsa-kuwwa a Ƙasar Yauri

Wanda ya ji an ce "kiɗan ruwa" a Yelwa ko Wara zai iya zaton kiɗan masunta ake nufi, ko wanda ake yi cikin kwale-kwale. A bakin mata kuwa sunan wani abu ne daban. Masaki ake cikawa da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a riƙa dukan bayanta da 'yan sanduna. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙwaryar da ruwan ita ke ba da amon. In aka ɗan karkata ƙwaryar, iska ta fita, ta ƙara nitsewa, sai muryarta ta sauya. Da haka mai kiɗa ke saita kayanta, ba tsirkiya ba fata. In biki ya watse a zubar da ruwan, ƙwarya ta koma wurin fura.

Abin lura shi ne wannan kayan kiɗa ba shi da sunan kansa. Haka kusan duk abin da mata ke kaɗawa a cikin gida yake. Kiɗan ƙwarya, wanda Barmani Choge ta kai shi ko'ina kafin rasuwarta a 2013, da sunan ƙwaryar ɗaki ake kiransa. Lugude sunan aikin ne, turmi da taɓarya suna nan a turmi da taɓaryarsu. Shantu ne ya tsira da suna nasa, mai yiwuwa don ba a dama komai a cikinsa.

Je ka ƙofar fada ka ga bambanci. Tambari, kakaki, algaita, farai, kotso, taushi, jauje: kowane da sunansa, da mai shi, da ranar da ake fito da shi, har da sarautarsa, kamar Sarkin Taushi da Sarkin Tambura. Algaita ma da sunanta ta ƙetaro hamada daga ƙasashen Larabawa. Ashe suna ba ya bin icen ko fatar da aka yi abu da ita, yana bin wanda ake yi wa kiɗan. Da David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, dole ta sa suka haɗa kayan kiɗa da makaɗa da bukukuwa wuri guda, domin ba a raba su a bakin Bahaushe. Malamai biyu a Jamus, Hornbostel da Sachs, sun kasa kayan kiɗan duniya a 1914 bisa abin da ke karkarwa a jikinsu, ko fata ko tsirkiya ko iska ko gangar jikin abin. Mu aikin hannu da baki muka duba: wannan kaɗa shi ake yi, wancan busawa, goge kuwa sunansa ya faɗi yadda ake yi da shi.

Kuntigi ya ɗan karya wannan doka. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya guda, amma ba wanda ke ce masa "kiɗan gwangwani". Ɗan Maraya Jos ya shiga da shi gaban shugabanni, sunan ya zauna daram.

A Turai da Amurka akwai masu ƙera kayan kiɗansu da hannu daga tarkace, su nemi wurin da sauti ke yin abin mamaki, su yi wasa a can. A 1988 Pauline Oliveros da abokanta biyu sun sauka cikin wani tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a jihar Washinton, inda sauti ke yin kusan daƙiƙa 45 kafin ya mutu, suka ɗauki faifai. Alvin Lucier a 1969 ya naɗi muryarsa a ɗaki, ya sake ta, ya sake naɗa, ya yi ta maimaitawa har kalmomi suka narke, sai amon ɗakin kaɗai ya rage. Tun kafin su, a 1944, Halim El-Dabh ya naɗi bikin zar, wanda ɗan'uwan bori ne, a Alƙahira, ya sarrafa shi da na'ura.

To, me za mu kira irin wannan aiki nasu da Hausa? "Gwajin sauti" shi ne abin da zai fara zuwa baki, amma duk wanda ya taɓa zuwa wa'azi ko taron siyasa ya san gwajin sauti: yaro ne ke cewa "halo, halo" a lasifika. Kuma "sauti" kalmar makaranta ce da muka aro daga Larabci, ba ta rarrabe komai. Ƙara ita ce wadda ke damun kunne. Murya ta mai rai ce, ko da yake muna ba kalangu aronta saboda yana magana. Amo shi ne abin da ke fita daga cikin abu mai rami ya daɗe yana yawo, kuma shi waɗannan mutane ke farauta. Ni da za a bi ta tawa, "wasan amo" zan ce.

Kalmar da ta fi kusa da zuciyar lamarin ita ce amsa-kuwwa. Ka yi kuwwa, dutse ko rijiya ta amsa. Harshen ya riga ya ɗauki wuri a matsayin mai ba da amsa, kamar 'yan amshi a bayan mawaƙi. Sai dai ba mu taɓa raɗa wa kiɗa suna da irin amsar da wuri ke bayarwa ba. Kiɗan noma, kiɗan dambe, kiɗan farauta, kiɗan fada, duk sha'anin da ake yi ne a cikin sunan.

Ƙasar Yauri kuwa wuri ne da amsar ta sauya a idon mutanen da ke raye. Kafin a gama madatsar Kainji a 1968, Kwara a nan kogi ne mai rassa da tsibirai. Daga "gungu", wato tsibiri, Hausawa suka samo sunan Gungawa, alhali su Reshe suke kiran kansu. Ruwa ya taso ya zama tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, ya cinye gungu da yawa da tsohuwar Busa, aka tashi fiye da mutum 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka masu ginin siminti. Bangon laka yana shanye amo, siminti yana maido shi da kaifi. Buɗaɗɗen ruwa kuma ba ya amsawa ko kaɗan, ɗaukar sauti yake yi ya kai nesa, musamman da asuba ko da dare, lokacin da iskar da ke kan ruwa ta fi ta sama sanyi, sai ta lanƙwaso sautin ƙasa. Shi ya sa ganga daga wancan ƙetare ke iso wa mutum sarai alhali bai hango mai kaɗa ta ba.

Masunta sun san wannan, makaɗan da ke bin jiragen ruwa a bikin Rigata ma sun sani. Sunan bikin kansa baƙo ne: Turawan Ingila suka aro shi daga mutanen Banis ta Italiya, Yaurawa suka karɓa suka gyara shi daidai bakinsu, suka ɗora wa wasan ruwan da Gungawa ke yi tun kafin zuwan Bature.