Sadauki Ɗaya, Tarihi Goma: Waiwaye a Kan Superman da 'Yan'uwansa

Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu zuwa ga wani nau'in adabi wanda ba mu cika nazarinsa ba, watau mujallun zane na ƙasar Amurka, waɗanda ke ba da labarin sadaukai irin su Superman da Batman ta hanyar jera hotunan zane da 'yar magana a bakin kowane mutum. Na daɗe ina karanta su, kuma babu abin da ke tayar da gardama a tsakaninmu masu karatu kamar yadda kamfanoni kan sauya tarihin sadauki ko tufafinsa. Ra'ayina shi ne canji iri biyu ne: akwai wanda ke ɗorawa a kan abin da ya gabata, akwai kuma wanda ke wanke allo ya ce da mai karatu abin da ya karanta bai taɓa faruwa ba. Na farko ina maraba da shi, na biyu kuwa cin amana ne.

Zamanin Tatsuniya

Superman ya fara fitowa ne cikin 1938 a mujallar Action Comics ta ɗaya. Samari biyu daga garin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, su suka ƙage shi, suka sayar wa kamfanin da yanzu ake kira DC a kan dala 130 kacal. Wanda duk ya koma ya duba labaran farko zai yi mamaki, domin wannan Superman ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi. Abokan gabarsa kuma mutane ne irinmu: mai dukan matarsa, da mai cin hanci a siyasa, da mai ma'adinai wanda bai damu da ran leburorinsa ba. Sai da aka kai shi gidan rediyo cikin 1940 da majigi cikin 1941 sannan tashi sama ya zama ɗabi'arsa. Dutsen nan kuma mai karya masa lago, watau kiriftonait, a shirin rediyo aka fara jin sa cikin 1943. Haka nan Batman, wanda ya fito cikin 1939, da farko har bindiga yakan riƙe, alhali daga baya ƙin bindiga ya zama alamarsa.

A wancan lokaci irin wannan sauyi bai dami kowa ba. Kowane labari cin gashin kansa yake yi, tamkar tatsuniyar Gizo. In Gizo ya sha kashi a daren jiya, yau kuma aka tarar da shi garau yana wa Ƙoƙi wayo, babu yaron da zai tsayar da kaka ya ce ta yi bayani.

Yadda Tatsuniya Ta Koma Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar sadaukai ta faɗi, aka daina buga da yawa daga cikinsu. Cikin 1956 edita Julius Schwartz ya farfaɗo da Flash, sadaukin nan mai gudun tsiya, amma ya ba shi sabon suna, Barry Allen, da sabuwar jar riga, aka bar tsohon na 1940 mai suna Jay Garrick da hular kwanonsa. Tsofaffin masu karatu suka yi ta rubuto wasiƙu suna tambayar ina na da ya shiga. Cikin 1961 marubuci Gardner Fox ya ba su amsa da wata dabara: ya ce ai duniya biyu ce, tsohon Flash na zaune a ɗaya, sabon a ɗaya, ya kuma haɗa su a labari guda. A ganina wannan shi ne gyara mai kyau, domin an sami sabo ba a zubar da tsoho ba.

Har ila yau, Schwartz ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, suka san juna, suka fara lissafin abin da ya faru a kowace fitowa. Kamfanin Marvel kuwa, wanda ya fito da Spider-Man cikin 1962, ya zaunar da yawancin sadaukansa a birnin Nuyok, abin da ya sami wannan yana shafar wancan. Daga nan tatsuniya ta koma tarihi. Kamfanonin da kansu suka koya wa mai karatu cewa abin da ya karanta bara yana da tasiri a kan na bana, don haka kada ya bari fitowa ko ɗaya ta wuce shi. Wannan alkawari ne, kuma da shi aka yi ciniki.

Wanke Allo

Duniyoyin DC suka yi ta ƙaruwa har editoci suka ga sabon mai karatu ba zai gane kansu ba. Cikin 1985, shekarar da kamfanin ya cika hamsin, Marv Wolfman da George Pérez suka fara wani labari mai fitowa 12, Crisis on Infinite Earths, inda aka rushe duniyoyin duka aka bar ɗaya, aka kashe Supergirl da Barry Allen. Cikin 1986 John Byrne ya sake wa Superman asali: iyayen riƙonsa suna raye, maƙiyinsa Lex Luthor ya tashi daga mahaukacin masanin kimiyya ya koma hamshaƙin attajiri, kuma an ce Superman bai taɓa yin sadaukantaka yana yaro ba.

Labarin ya yi daɗi, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Alal misali, akwai wata ƙungiyar sadaukai, Legion of Super-Heroes, wadda tun 1958 tarihinta ya rataya a kan ƙuruciyar Superman. Da aka shafe ƙuruciyar sai marubuta suka shiga yi wa ƙungiyar faci a kan faci. Aka sake gyara cikin 1994, aka kuma cikin 2005. Supergirl ta dawo cikin 2004, Barry Allen cikin 2008. Cikin 2011 aka sake wanke allo, aka fara mujallu 52 daga lamba ta ɗaya, aka shafe auren Superman da Lois Lane wanda aka ɗaura tun 1996. Cikin 2016 kuma aka dawo da auren. Marvel ma ba ta tsira ba. Spider-Man ya yi aure cikin 1987, amma cikin 2007 aka sa shi ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani, ya ba da aurensa don ceton ran gwaggonsa. Wanda ya bi zaman auren nan shekara ashirin, me za a ce masa?

Bari mu gwada wannan da labarin Dick Grayson, yaron Batman na farko, wanda ya fito a matsayin Robin cikin 1940. Cikin 1984 aka bar shi ya girma, ya tuɓe rigar Robin, ya ɗauki sunan Nightwing. Sauyi ne babba, suna da tufafi da matsayi, amma ya karɓu, domin ya tsiro ne daga cikin labarin.

Batun Tufafi

Gardamar tufafi ita ce ta fi ƙara, amma a ganina ita ce mai sauƙi. Cikin 1984 aka sa wa Spider-Man baƙar riga, aka yi ta surutu, sai ga shi rigar ta zama tushen wani sabon maƙiyi, Venom. Cikin 1997 aka mayar da Superman wani shuɗin mutum mai ƙarfin lantarki, shekara na zagayowa aka koma gidan jiya. Cikin 2011 aka cire masa jan kamfan nan da yake sawa a kan wando, wanda aka aro daga shigar ƙarfafan 'yan wasa na zamanin da, cikin 2018 kuma, a Action Comics ta 1000, aka mayar masa da abinsa. Riga in ba ta karɓu ba tuɓewa ake yi, ba a ce da kowa ya manta da kome ba. Sau da yawa ma abin da mai karatu ke kira siffa ta asali, ita ce kawai wadda ya fara cin karo da ita yana yaro.

Kammalawa

To, me ke kawo yawan wanke allo? Amsar tana cikin dala 130 ɗin nan. Sadaukin dukiyar kamfani ne, kamfani kuwa ba zai bari ya tsufa ba, balle labarinsa ya kai ƙurunƙus. In ciniki ya ja baya sai a kashe shi, kamar yadda aka yi wa Superman cikin 1992 aka dawo da shi cikin 1993, ko kuma a fara daga farko. Har an taɓa sa ran sadauki a ƙuri'a: cikin 1988 masu karatu suka buga waya a kan Robin na biyu, Jason Todd, ƙuri'a 5,343 ta ce ya mutu, 5,271 ta ce ya rayu. Ya mutu, cikin 2005 kuma ya dawo. Su kuwa Siegel da Shuster, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai cikin 1975 aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka kuma yarda a mayar da sunayensu a kan aikinsu.

Darasin da nake gani ga mu masu sha'awar rubutu shi ne, marubuci na da damar ba da labarinsa a matsayin tatsuniya, kowa ya san kowace cin gashin kanta take yi. Amma in ya ce da mai karatu tarihi ne, ya biyo shi shekara da shekaru, to ya ɗauki amana, kuma hanyar gyara ita ce ya ɗora a kan abin da ya rubuta. Ina fata wasu daga cikinmu za su faɗaɗa nazari a kan wannan fanni. Allah ya sa mu dace.