Tiyatar Hawan Jinin Ido Mai Ɓarɓashi

Wannan nau'i na hawan jinin ido, wanda likitan Finlan John Lindberg ya bayyana alamominsa a 1917, sababinsa wani farin ɓarɓashi ne kamar amosanin kai da ke toshe magudanar ruwan ido, matsi ya ƙaru, jijiyar gani ta lalace sannu a hankali, galibi ga dattawa. Idan maganin ɗigawa ya gaza, likita yakan buɗe wa ruwan ƙaramar kafa a farin ido, bisa tsarin da wani likita mai suna Cairns ya wallafa a 1968, domin tsare ragowar gani, alhali wanda ya salwanta ba ya dawowa. Asibitin Ido na ECWA da ke gefen Sabon Gari a Kano, wanda aka kafa a 1943, yana yin irin wannan tiyata.